Yadda Gidanmu Ya Zama Gidan Mai-karnuka

Na ji abin da ya faru a wurin ɗaurin auren nan na Gwarzo, ko da yake kun haɗa baki kun ɓoye mini. Wani ya tambaya ɗayanku ɗan wane gida ne, aka ce masa ɗan gidan Mai-karnuka ne, shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar an ce ubansa ɓarawon akuya ne, har yana cewa wai tsohon suna ne, bai san asalinsa ba. Ba zan faɗi ko wane ne ba, ya san kansa. To, tunda ba ku san asalinsa ba, ku kasa kunne, don ni aka laƙaba wa sunan nan, kuma ba da araha na same shi ba.

Kakanku, wato Baba, ba manomi ba ne tun asali. A bayan shanu ya tashi, ciwon bushiya ya zo ya share garken ubansa, ya bar masa sa guda da rigar jikinsa. Da san ya tsufa aka yanka shi, Baba ya sa aka jeme ƙirgin, ya shimfiɗa a ɗakinsa, a kai yake kwana, ko Inna ba ta taka shi. Muka zauna a wani ɗan ƙauye bayan Durun, mai unguwa ya yanka mana gona can bakin daji, tsallaken rafi, inda 'yan gari ba sa so. Jigawa ce mai laushi, irin wadda gyaɗa ke ƙauna, lokacin kuwa kowa gyaɗa yake yi. Da kaka za ka ga jakuna sun yi jerin gwano da buhuna, motoci na kwasa zuwa Kano. Wanda gyaɗarsa ta yi kyau, a shekarar zai gyara ɗaki, ya ɗinka wa iyali, har ya sayi ɗan maraƙi. Baba dai maraƙin kawai yake hange.

Ni kuwa a lokacin ni ne ladanin masallacin ƙauyen. Ba wani karatu gare ni mai zurfi ba, murya ce Allah ya ba ni. In na hau katangar masallaci na ɗora hannu a kunne, mutanen da ke gona tsallaken rafi ajiye fartanya suke yi. Ina son abin nan, ba zan ɓoye muku ba, ina son sa fiye da yadda nake son tuwo. Mu baƙi ne a garin, ba mu da dangi, ba mu da garke, amma kowa Ladan yake ce da ni, har dattawa. Baba ne kaɗai bai taɓa kira na da shi ba, kamar yadda bai taɓa kama sunana na yanka ba, saboda ni ne ɗan farinsa, kun kuwa san kunyar mutanenmu. In yana nema na sai dai ya ce "kai." Amma na sha ganin yadda yake gyara zama a sahu in na gama kira.

Sai gadu ya gano gonarmu. Ku da ba ku taɓa ganinsa ba sai a hoto, aladen daji ne, mummuna, da haure biyu a lanƙwashe, mutanen da ma mugun dawa suke ce masa. Ba ya taɓa gyaɗa sai ta fara ƙwaya. Sai ya shigo da iyalinsa da hantsi ko da la'asar, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba, ya bi kunya yana tonewa da hanci, abin da ya ci kaɗan, abin da ya ɓata ya fi yawa. Mun yi shingen ƙaya, ya haƙa ta ƙasa. Mun kafa mutum-mutumi, ya sosa jikinsa da shi. Mun yi ta bugun gwangwani har hannu ya yi kanta, kana juya baya ya dawo. Muka kira maharbi da bindigarsa, ya harbi ƙarami guda, sauran suka shige rami, ya karɓi kazarsa ya yi gaba. A kakar nan abin da muka tuge bai kai irin da muka shuka ba sai da ƙyar.

Ranar da muka gama tattara 'yar harawar da ta rage, Baba ya tara mu a tsakar gida, ni da Inna da uwarku, wadda ke da cikin babbanku a lokacin. Ya ce shi ya gaji da noma wa alade. Za mu ƙara damina ɗaya tak, in aka sake haka, zai mayar wa mai unguwa gonarsa, mu yi kudu ya nemi kiwon shanun wasu. Sai da ya fita Inna ta dube ni ta ce:

"Ƙannenka biyu na kwance a maƙabartar garin nan. Ni na gama yawo, ka ji na gaya maka."

Abin da ya kai ni wurin Nomau ke nan. Nomau wani tsohon Bamaguje ne, gidansu na can cikin dajin yamma, wajen Jama'a, kuma kowa ya san su kaɗai ne gadu bai hana noma ba. Na same shi yana gyaran ƙotar gatari, karnuka kwance kewaye da shi. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya yi ta dariya har da tari, ya ce yau ga Ladan ya zo karatu wurin arne. Amma bai kore ni ba. Muka shirya zan taya shi kai taki gona da rani, shi kuma ya koya mini, ya ba ni karnuka, duk gadun da na kashe kuma naman nasu ne, tunda mu ba ma ci.

Ni da na tafi ina zaton kare kare ne, ka tara da yawa ka saki. Nomau ya ce wannan tunanin ne ke sa mutum ya fita da karnuka goma ya dawo da igiya. Farautar gadu aiki uku ce, kowane aiki da irin karensa, in ka ba wani aikin wani ka kashe shi. Ya nuna mini wani dogon kare siriri, ciki a ɗame, ƙafafu kamar kara, ya ce ɗan Azbin ne, wurin Buzaye masu ayarin gishiri ya samo uwarsa. Wannan da ido yake farauta, gudu ne aikinsa, shi ke shan gaban gadu a fili ya juyo da shi kafin ya kai rami, amma haure ɗaya ya ishe shi, don haka ba ya kusanta. Sunansa Tsinke. Ya nuna wata 'yar jar karya irin ta gida, mai tsinin baki, wadda tun shigowata ba ta rufe baki ba. Ita hanci gare ta da surutu, ita ke bin sawu, in gadu ya gaji ya tsaya ta riƙa kewaya shi da haushi, ta hana shi sakat, tana gaya wa mai ita inda suke. Sunanta Tsegumi, kuma sunan ya bi ta.

Ta ukun tana kwance can gefe, ko kallona ba ta yi ba. Baƙa ce, gajera, ƙaton kai, faɗin ƙirji, an yanke mata kunnuwa tun tana kwikwiyo don kada abokin faɗa ya sami abin kamawa. Nomau ya ce irin nan su suke haɗa shi tun kakanni, suna zaɓen wanda ya fi taurin muƙamuƙi da ƙarancin baki su haɗa da irinsa, ba a samunsa a kasuwa. Ita ce mai kamu. Ba ta bin sawu, ba ta tsere, ba ta haushi. A igiya ake riƙe ta har sai gadu ya tsaya, sannan a sake ta, ta tafi kai tsaye ta cafki kunnensa, ta manne da gefen wuyansa inda haure bai cika kaiwa ba, ta danne kansa har mai mashi ya iso. In ta kama, ko sama za ta faɗo ba ta saki sai ta ji muryar mai ita, shi ya sa ake ce mata Kurma. Ya kafa mini dokoki biyu. Kada in taɓa tsayawa a bakin rami, don gadu da baya yake shiga, haurensa na kallon waje. Kada kuma a saki Kurma gadu na cikin gudu, domin za ta gaji kafin ta kama, in kuma ta kama nesa da mai mashi, kafin ka iso ya farke ta.

"Ita ba ta san tsoro ba," in ji shi. "Saboda haka kai za ka ji mata tsoron. In ta kama, ranta na ƙafarka."

Rani guda na yi ina zirga-zirga. Sai da Kurma ta koyi muryata, ta daina jin tasa, sannan ya ba ni su uku na taho. Baba ya tare ni a ƙofar gida, ya ce muddin yana da rai kare ba zai tsallaka zaurensa ba, mu ba maharba ba ne, ubansa bai taɓa cin abinci kare na kallonsa ba. Ban yi musu ba. Na yi musu bukka a gona, can nake kai musu dusa da ƙanzo. Kullum da safe ina cikin daji ina horar da su, ina ƙwala musu kira, murya kuwa kun san ba ta ɓuya. Duk ƙauyen na jin ta.

Ba a daɗe ba Liman ya sa aka kira ni. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana gaisuwa yana kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana. Ya ce shi ya sani, littafi bai hana karen gona da na farauta ba, kuma ya faɗa wa jama'a haka. Amma sun zo masa, ba sau ɗaya ba, sun ce ransu ba ya kwanciya, muryar da suka ji da hantsi tana kiran karya a daji, ita ce da azahar take kiran su salla, ga shi kuma an ce ina cuɗanya da masu cin alade. Ya ce in na mayar da karnukan, magana ta mutu, ba wanda zai sake tayar da ita. Na tambaye shi ko cikin masu ƙorafin akwai wanda zai zo ya tsare mini gyaɗa. Babu ko ɗaya. Na ce to, Allah gafarta Malam, a nemi wani ladanin. Da bakina na faɗa, ba wanda ya tsige ni, ku riƙe wannan. Amma da azahar ta yi na ji wata murya a kan katangar nan, ina tsaye a gona, sai da na zauna a kan kunya na yi kuka kamar yaro. Na ji ciwo ƙwarai, har yau ban ce ya warke duka ba.

Baba ya daina yi mini magana sai abin da ya zama dole. Inna kuwa ta ji ni ina gaya wa uwarku cewa Nomau kan ɗaura wa mai kamu fata mai kauri a ƙirji saboda haure, ni kuma ba ni da ita. Washegari ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin tsumma, ta ce kada in tambaye ta. Na buɗe na duba. Gefen ƙirgin Baba ne ta yanko. Na kwana biyu ina jiran tashin hankali a gidan, shiru. Mutumin da ke kwana a kan fatar nan kullum, a ce bai lura ba? Ya lura sarai.

Damina ta yi kyau, gyaɗa ta rufe ƙasa, ta fara ƙwaya. Sai ga sawu a bakin rafi, har da na wani ƙato da ya fi tafin hannuna. Na aika wa Nomau, don mun shirya shi zai riƙe mini igiyar Kurma, ni in riƙe mashi, tunda mutum ɗaya ba ya yin biyun. Aka dawo aka ce kurkunu ya kwantar da shi, ko tsakar gida ba ya takawa. Na bi samarin ƙauye ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda muka yi wasan ƙasa tare, kowa ya ce shi ba zai taɓa igiyar kare ba. A kwana biyu aka tone mana kusurwar gona guda. Na ce to, gobe zan fita ni kaɗai, abin da Allah ya yi shi ne daidai.

Da hantsi ina ɗaura wa Kurma fatarta, sai na ji tari a bayana. Baba ne, da sandarsa ta kiwo, ya naɗe ƙafar wando. Ya dubi fatar da ke ƙirjin karyar, ya daɗe yana dubanta. Ya miƙo hannu.

"Kawo igiyar. Ba don karenka na zo ba, uwarka ce ta hana ni shan fura."

Na fara yi masa bayanin lokacin da ake saki, ya katse ni, ya ce tun ba a haife ni ba yake rarrabe kukan saniyar da ke tafiya da na wadda ta tsaya, ba sai na koya masa sauraron dabba ba.

Tsegumi ta ɗauki sawu daga bakin rafi, ta kai mu wani tsohon ramin dabgi a gindin suri. Na zagaya ta baya na hau saman ramin kamar yadda aka koya mini, na riƙa dukan ƙasa da gindin mashi, ita kuma tana zuba masa rashin kunya daga gefe. Sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashina, ya fito kamar an harbo shi, jela a tsaye. Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Ya miƙi fili zai shige kurmi, Tsinke ya bi shi, kafin ka ce me ya sha gabansa ya juyo da shi wajen rafi. Muka bi su da gudu, Baba na baya, Kurma na jansa tana neman tsinke igiya, shi kuwa ya naɗe ta a hannu ya kafe kamar mai riƙe da bijimi. Can sai haushin Tsegumi ya sauya, ya daina nisa, ya tsaya wuri guda. Kafin in buɗe baki Baba ya saki.

Abin da ban lissafa ba shi ne rafin. An yi ruwa a daren jiya, ya kawo, gadun kuma ya tsallaka, a can ya jingina bayansa da wata kuka ya tsaya. Kurma ta faɗa ruwa ta haye, ina kallo ta cafki kunnensa na hagu. Ni kuwa da na shiga, laka ta riƙe ni har cinya. Ina jin sa yana kururuwa, yana fyaɗa ta da ƙasa, yana ɗaga ta sama, ba ta saki ba. Maganar Nomau kawai ke yawo a kaina. Na bar takalmana a cikin lakar, na ja jiki da hannu da gwiwa na fita, na zo ta bayan kafaɗarsa na soka mashin, na danna da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na kwanta a kai har ya daina motsi.

Kurma na nan manne da kunnen. Na kira sunanta na ce ta saki, sai ta buɗe baki ta zube. Fatar ta tare haure a ƙirji, ga zanensa nan a jiki har biyu, amma ɗaya ya zame ta gefe ya tsaga ta daga haƙarƙari zuwa cinya. Na tsaya, ban san ta inda zan fara ba. Baba ya hayo, jiƙe sharkaf, ya ture ni. Ya kwance 'yar jakar da ke ɗaure a ƙugunsa tun zamanin kiwo, ya fito da basilla da jijiya da garin bagaruwa. Ya ce in danne mata kai in riƙa yi mata magana. Mutumin da ya ce kare ba zai tsallaka zaurensa ba, shi ya ɗora ta a kan cinyarsa ya ɗinke ta tsaf, yana yi mata irin 'yar muryar da yake yi wa maraƙi.

Ta rayu, ko da yake da ɗingishi ta ƙare kwananta, kuma duk masu kamun da na yi aiki da su daga baya jikokinta ne. Mutanen Nomau suka zo suka ɗauki namansu. Muka ƙara fita sau da yawa a daminar, da 'yar'uwar Kurma da ya aiko mini, Baba na riƙe da igiya, har sauran gadunan suka bar mana yankin. A kakar nan sai da muka yi hayar jakuna. Baba ya sayi maraƙarsa, ba a sake maganar kudu ba, kuma shanun da kuka tashi kuka gani a gidan nan daga ita suka fito. Waɗanda suka kai ƙarata wurin Liman, su ne suka riƙa zuwa da damina suna sallama daga nesa, a taimaka a zo gonarsu. Na je, ban ƙi kowa ba. Su suka sa mini Mai-karnuka, da farko da gatse, daga baya ya zama suna. Katangar masallaci kuwa ban sake hawanta ba. An yi mini tayi bayan shekaru, da sharaɗin nan dai na farko, na ce gadu bai tuba ba, ni ma ban sauya ba.

Amma na tsallake abu ɗaya, don shi nake so ku tafi da shi. A ranar nan, bayan Baba ya gama ɗinki, muka kwantar da Kurma a inuwar kukar, muka gangara rafi muka wanke jinin da ke jikinmu da tufafinmu. Rana ta karkata. Daga can ƙauye muka jiyo sabon ladani, muryarsa na zuwa tana yankewa, da ƙyar take tsallako ruwa. Na yi alwala ina kallon ƙasa, na tashi zan tsaya a bayan Baba. Bai tayar da salla ba. Ya gyara tsayuwa, yana duban gabas, bai dube ni ba, ya ce:

"Ladan, ba a jin wancan daga nan. Kira mana."

Na hau kan suri, ƙafa ba takalmi, riga na ɗigar ruwa, na ɗora hannu a kunne. Jama'ata a ranar tsoho ɗaya ne da karnuka uku, kuma ban taɓa yin kiran da ya kai shi ba.

Gonar nan ita ce ta ciyar da ku, ita ta kai ku makaranta, a maƙabartar da ke gefenta Inna take kwance kusa da 'ya'yanta kamar yadda ta so. Saboda haka in an sake tambayar ɗayanku ɗan wane gida ne, kada ya jira wani ya amsa masa. Ya ɗaga kai ya faɗa da bakinsa, yadda na bayan sahu ma zai ji.